'Yar Sabuwa Ce

A shekarar da kuɗin sefa ya karye, aka kuma fara rigimar Bakasi, babu wanda ya kai baƙo shan wahala a New Bell ta birnin Duwala. In ka shigo unguwar Hausawa kana tambayar gidan wani, to ka shirya yawo. Wanda ya san gidan zai ce bai taɓa jin sunan ba, wanda ke zaune a ƙofar gidan kuma ya nuna maka hanyar unguwar Nylon. Ba mugunta ba ce. Masu kaki ne suka koya mana, don sukan tare layi da safe su ce kowa ya fito da katinsa, kuma ko kakanka a Duwala aka binne cibiyarsa, da sun ji Hausa a bakinka sai su ce kai ɗan Najeriya ne. Shi ya sa muka daina yarda da duk mai yawan tambaya.

Ana cikin wannan hali wata mata ta sauka daga bayan benskin, ta sallami mai babur ɗin, ta shiga neman gidan Malam Abdurrahim mai yadi. Siket ne a jikinta da tabarau, ga wata baƙar jaka ta matse a hammata. Mai shayi ya ce mata mutumin ya koma Garwa tun bara. Mai wanki ya ce ya rasu. Wata tsohuwa ta tura ta bayan masallaci, inda ba abin da ke akwai sai kwata. Da Khairiyya ba ta dawo daga famfo ta gan ta ba, da har magariba tana zagaye.

Khairiyya ita ce babbar 'yar Malam Abdurrahim, baƙuwar kuma malamarta ce ta lissafi a sakandaren Ndogbong, Madam Endale. Madam a Jamus ta yi karatu, kuma ita da wasu da suka yi karatu a can suna da wata ƙungiya. Duk shekara sukan zaɓi yara kaɗan tun suna ajin seconde, wato saura shekara uku su bar sakandare, su yi ta shirya su har su gama. Kullum takan ce wa ɗalibanta ba ranar da aka ci bak, jarrabawar fita sakandare, ake fara neman jami'ar waje ba. Sai an koyi Jamusanci, kowace Asabar a unguwar Bonapriso. Sai makin lissafi da na kimiyya bai faɗi ba ko zango ɗaya, don can duk shekarun ƙarshe suke dubawa. Sai an sami malaman da za su tsaya maka. A shekarar gurbi ɗaya ya rage, kuma Khairiyya ta saka shi a ranta har ta rame. Injiniyan ruwa take so ta zama, wai don ta gaji da ganin New Bell tana nutsewa duk damina.

Amma Madam ma ta sha nata. An taɓa kawo mata wani yaro da kawunsa a matsayin uba, asiri ya tonu a ofishin jakadanci, sunan ƙungiyar ya ɓaci. An kuma yi wata yarinya da aka gama shirya ta tsaf, ranar tafiya uwarta ta fito ta ce ita ba wanda ya taɓa tambayarta. Tun daga nan Madam ta rantse ba ta ƙara ɗaukar yaro sai ta je gidansu, ta ji da kunnenta daga bakin uwa. Ta daina yarda da mutane, mu ma mun daina. Ka ga kuwa haɗuwar ba za ta yi daɗi ba.

Ranar Malam Abdurrahim ba ya gari, ya bi jirgin ƙasa zuwa Ngaundere kai kaya. Shi dai ya amince da maganar tun farko, sharaɗinsa kawai a yi shiru da ita saboda bakin mutane. Don haka mata biyu Madam ta tarar a tsakar gida: Rakiyatu, uwar yarinyar, tana tsince shinkafa, da Goggo Sabuwa, yayar maigidan, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta. Mu da ke haya a ɗakunan baya muka sami abin yi a kusa. Ni wanki na fito da shi, ko da yake na yi shi jiya.

Sabuwa ta dubi jakar kafin ta dubi matar. Ta ce da Hausa, ba ta ko rage murya ba, “Irin jakar nan ce aka shigo da ita gidan su Mahmudu, kwana biyu aka kwashe su.”

“Goggo, malamata ce fa,” in ji Khairiyya.

“Malama ba ta cin abinci? An rage musu albashi, kowa yanzu da wanda yake yi wa aiki a ɓoye. Je ki kawo mata folere, zoɓon nan, ki bar mu da ita.”

Aka shimfiɗa tabarma. Madam ta ce ba ta son tafinta, da Pijin za a yi, tunda kowa a Duwala yana ji. Ta sa Khairiyya ta zauna gefe, ta juya wajen Rakiyatu da fara'a.

“Mama, wannan 'yarki ce?”

Rakiyatu ta sunkuyar da kai cikin faranti. “'Yar Sabuwa ce.”

To, a nan ne abin ya fara lalacewa, kuma duk mu da ke tsakar gidan ba wanda ya ga abin da ya lalace. Khairiyya 'yar fari ce. Rakiyatu a hannun kakarta ta tashi, wata Bakatsiniya mai riƙon al'ada, kuma a wurin irinsu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna shi a gaban mutane ta ce nawa ne. Kunya ce. Matan yanzu sun yar da wannan, za ka ji uwa tana kiran ɗan farinta “chéri” a kan titi ko a jikinta. Rakiyatu kuwa tun ranar suna ba a taɓa jin sunan yarinyar a bakinta ba. “Ke” take cewa, ko “waccan”. In magana ta kama dole, sai ta jingina ta ga Sabuwa, wadda ita ta yi mata wankan jego ta goyi jaririyar. Kowa a unguwa ya san haka, har ba ma ji.

Madam ta cire tabarau. “Yarinyar ta ce min ke ce mahaifiyarta.”

Rakiyatu ta yi ɗan murmushi, ta ci gaba da tsince tsakuwar da babu ita.

“Bon. Yaya sunanta?”

Rakiyatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Sabuwa ta karɓe, “Ke da kike koya mata ba ki san sunanta ba? Me za ki yi da sunan? Wa za ki kai wa?”

“Daga bakinta nake so in ji.”

“Bakinta ciwo yake.”

Madam ta haɗiye wannan, ta sake gwadawa ta wata hanya. Ta ce yarinyar nan ba ta taɓa koyar da mai kai irin nata ba, shin uwar ta san haka?

“Wa? Waccan?” in ji Rakiyatu, ba ta ko kalli inda take ba. “Ba abin da ta iya sai ci da barci.”

“In ta tafi Jamus za ta yi shekaru ba ku gan ta ba. Kin yarda? Ba za ki yi kewarta ba?”

“Ku ɗauke ta. A rage mana cin abinci.”

Wallahi ni da na ji wannan sai da na ce a raina, kai, matar nan tana ji da 'yarta. Don a wurinmu in uwa ta kushe ɗanta haka a gaban baƙo, rufe shi take yi daga baki. Amma Madam Baduwala ce, a gidansu uwa rungume ɗa take yi tana kirarinsa. Abin da ta gani shi ne mace ta ƙi sunan yarinya, ta ce ba tata ba ce, ta kuma ce a kwashe ta. Ta juya wajen Sabuwa.

“To ke ce kika haife ta?”

“Ni da ita duk ɗaya ne.”

“A ina aka haife ta?”

“A inda Allah ya so.”

“Ku mutanen ina ne asali?”

Nan Sabuwa ta dubi kowa a tsakar gidan, kallon na-faɗa-muku. “Mu 'yan nan ne. Ƙasar nan ma da mu aka share ta. Akwai wata tambayar?”

Madam ta miƙe. Ba ta taɓa foleren ba. Khairiyya ta raka ta har bakin titi, ta dawo idonta ya kaɗa. Sabuwa kuwa har da zubar da kofin a kwata, wai ba a san abin da matar ta jefa a ciki ba.

Ranar Litinin bayan an tashi, Madam ta tsayar da yarinyar a aji. Ta ce mata ba za ta iya saka ta ba. Khairiyya ta yi bayani iyakar iyawarta, ta ce al'ada ce, ita 'yar fari ce, kunya ce.

“Ma fille, 'yata,” in ji Madam, “a shekarar nan ba irin bayanin da ban ji ba. Duk wanda na kama da ƙarya sai ya ce min al'adarsu ce. Wataƙila gaskiya kike faɗa. Wataƙila kuma uwarki ta rasu ne, ko tana Najeriya, an ɗora ki a kan sunan wata. Ban ce laifinki ba ne. Amma ba zan sake kai ƙungiya ta ji kunya ba. Ranar Asabar za mu zauna a Bonapriso mu rufe zaɓe. In matar nan uwarki ce, ta zo ta faɗa a gabanmu, da sunanki, da bakinta. In ba ta zo ba, akwai wani yaro a Nylon yana jira.”

Kana jin wannan ka ce ai abu ne mai sauƙi. Ba ka san gidan ba ne. Khairiyya za ta iya shiga wuta, amma ba za ta iya tsayawa gaban Rakiyatu ta ce, “Inna, kira sunana” ba. Goggo ta gaya wa, a bakin murhu.

Sabuwa ta tafa hannu. “Alhamdu lillahi, Allah ya raba mu da ita lafiya. Ke yarinya ce. Wa ya taɓa ba ka abu a banza a garin nan? Su koya miki yare, su nema miki makaranta, su kai ki ƙasar Turawa, don kyan fuskarki? Matar nan zuwa ta yi ta ɗauke ki, ki rubuta ki ajiye. Kuma so take ta sa uwarki ta tsaya gaban maza ta zubar da mutuncinta. Ba da ni ba.”

Malam Abdurrahim ya dawo ranar Laraba. Da ya ji, ya sa babbar riga ya tafi Ndogbong da kansa. Madam ta karɓe shi da mutunci, ta ce ba a kansa take shakka ba. Ya dawo ya zauna a ƙofar ɗaki yana jan carbi. Shi ma bai iya ce wa matarsa komai ba, don a gabansa ma ba ta taɓa kama sunan ba, kuma shi ya san ba taurin kai ba ne.

Abin da ya tayar wa Rakiyatu da hankali ba magana ba ce, don ba wanda ya yi mata, ko da yake muryar Sabuwa a bakin murhu ta riga ta kai mata labarin. Yarinyar ce ta canza. Da ma akwai wani tsohon littafin Jamusanci da Madam ta ara mata, wanda take bi da shi ko'ina, har bakin famfo. Ranar Alhamis ta nannaɗe shi a leda ta ajiye a kan taga don ta mayar. Sannan ta zo ta durƙusa gaban bahon wanki ta sa hannu.

Ni na san abin da wannan baho yake nufi. Shekara da shekaru, duk lokacin da yarinyar ta taɓa wanki ko tsintsiya, sai Rakiyatu ta daka mata tsawa, “Ke, tashi ki ba ni wuri, ba ki iya ba, ɓata min kaya kike yi.” Baƙo zai ce tsana ce. Mu mun san kora ta take yi ta koma kan littafi. Haka fitilar ɗakin yarinyar ba ta taɓa rasa kananzir ba, ko a watannin da gidan kowa ke kwana da duhu, kuma ba a taɓa ganin wanda ke zubawa ba.

“Ke, tashi ki ba ni wuri,” in ji Rakiyatu.

“Bar ni in koya, Inna,” in ji Khairiyya, ba ta ɗago ba. “Tunda a nan zan zauna.”

Rakiyatu ta tsaya da sabulu a hannu. Ta dubi ledar da ke kan taga, ta dubi bayan 'yarta. Ranar nan tuwonta ya yi gudaji, abin da ban taɓa gani ba.

Asabar ta zo da ruwa irin na Duwala, wanda ba ya sallama. Kafin hantsi kwatoci sun cika sun haɗe da hanya. Khairiyya na zaune a ƙofar ɗaki tana kallon ruwan, sai ga Rakiyatu ta fito cikin atamfar da take zuwa biki da ita, takalmi a hannu.

“Ke, ɗauko laima.”

“Ina za mu, Inna?”

“Na ce ki ɗauko laima. Ki ɗauko ledar can ma.”

Sabuwa ta fito da gudu tana ɗaura ɗankwali. Ta ce in an rantse sai an je, to ƙafarta ƙafarsu, don in an tura su cikin mota a sami mai kururuwa. Abin da ya faru a can daga bakinta muka ji, kuma Sabuwa ba ta rage wa kowa a labari, har kanta.

Suka tsallake ruwa har gwiwa kafin su sami tasi. A Bonapriso wani ɗaki ne a saman kantin magani, da allo da kujeru. Madam na zaune da maza biyu, ga yaron Nylon da ubansa a kan benci. Rakiyatu ba ta taɓa hawa bene ba. Ta shiga zaninta na ɗiga, ta ƙi zama. Sabuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta tokare ta da ƙafa, kada a kulle.

“Mama, kin zo,” in ji Madam. Muryarta ba yabo ba fallasa. “Tambaya ɗaya ce. Wace ce wannan yarinyar?”

Rakiyatu ta dubi mazan, ta dubi ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya duba agogo, ya ce wa Madam wani abu da Faransanci, uban yaron Nylon ya gyara zama. Khairiyya ta taɓa gefen mayafinta.

“Inna, mu tafi. Ba komai, wallahi. Mu tafi gida.”

Sai Rakiyatu ta juya musu baya gaba ɗaya. Ta fuskanci bango, kamar mai shirin tayar da salla, ta dafa shi da hannu ɗaya.

“Khairiyya,” ta ce.

Sabuwa ta ce yarinyar waiwayawa ta yi wajen ƙofa, tana neman wanda ya kira ta. Ba ta taɓa jin sunanta da wannan muryar ba.

“Sunanta Khairiyya. Ni na haife ta, a New Bell, ranar wata Juma'a da ruwa irin wannan. Ita ce ta fari.” Ba ta tsaya ba, Pijin da Hausa duk ta haɗa. “Na ce muku ba ta iya komai ba. Ƙarya na yi. Tun tana rarrafe na san ba irinmu ba ce. Ba ta taɓa sa ni kuka ba. Kun tambaye ni ko zan yi kewarta. In ta tafi makaranta da safe ma ina leƙa hanya har ta dawo. Amma na yarda ta tafi. Ku koya mata. Kada ku ba wani wurinta saboda bakina.”

Madam ta cire tabarau tana gogewa, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta tashi ta zo bayan Rakiyatu, ta ce a hankali, “Pardon, Mama. Ban sani ba.” Ta karɓi ledar daga hannun yarinyar, ta warware, ta mayar mata da littafin. Ta ce darasi ƙarfe tara ne, Asabar mai zuwa, kuma ba ta son latti. Uban yaron Nylon ya kama hannun ɗansa suka fita, Sabuwa ta janye ƙafa ta ba su hanya. Ta ce ta ji tausayinsu, amma ba sosai ba.

A hanyar dawowa ba su sami tasi ba, suka taka. Rakiyatu na gaba, ta ja mayafi har goshi, ba ta yarda ta haɗa ido da kowa ba. Khairiyya na biye da ita tana miƙa laima, hawaye da ruwan sama sun haɗe mata a fuska.

“Inna...”

“Ke, riƙe laimar da kyau, kina jiƙa ni.”

Da suka iso gida yarinyar ta shige ɗaki da littafinta. Rakiyatu ta zauna a bakin murhu da jiƙaƙƙen zaninta, ba ta ko canza ba. Ina nan ina kwashe ruwa daga ƙofar ɗakina, na ji Sabuwa ta ce mata, “Ashe bakin naki ya iya. To ni dai har yanzu ban yarda da matar nan ba. Na faɗa tun farko, zuwa ta yi ta ɗauke mana yarinya.”

“Gaskiyarki, Yaya,” in ji Rakiyatu. “Ɗauke ta za ta yi.”

Ta tura itace cikin wuta, ta daɗe tana kallonsa.

“Tun da na haife ta nake riƙe da sunan nan a bakina, ban bari ko iska ta ji ba. Yau na faɗa sau ɗaya, kuma don a raba ni da ita na faɗa.”

Daga cikin ɗaki muna jin yarinyar tana maimaita wasu kalmomi masu kama da tari. Rakiyatu ta goge fuska da gefen mayafi, ta tashi ta ɗauki kwalbar kananzir a gabanmu duka, ta nufi ɗakin.